Gwajin Otizim A Intanet Da Hanyar Ganin Likita Ga Wanda Ya Girma



Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne da ake gani a 'yan shekarun nan a tsakanin ma'aikata da ɗalibai na Abuja da sauran manyan garuruwan ƙasar nan. Mutum baligi, mai aiki da iyali, zai ɗauki wayarsa da dare, ya ci karo da waɗansu tambayoyi a intanet waɗanda aka ce suna nuna ko mutum yana da lalurar otizim. Sai ya amsa, cikin minti goma a ba shi maki, a ce masa akwai alama. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Wani ya yanke wa kansa hukunci nan take, wani kuwa ya binne zancen don gudun bakin dangi. Dukansu biyu sun yi gaggawa.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da otizim. A rediyo da jaridu akan kira shi galahanga, amma wannan kalma takan kawo ruɗani, domin da an ambace ta sai hankalin mutane ya tafi ga yaron da ba ya magana, ko wanda ba ya iya yi wa kansa komai. Lalle akwai masu otizim da ke bukatar kulawa dare da rana iyakar rayuwarsu. Akwai kuma waɗanda suka yi karatu, suka kama aiki, suka yi aure, ba wanda ya taɓa kawo musu wannan zato. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya, kuma ana ganinsa ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da mutane, watau gane habaici da raha, da karanta fuska, da sanin lokacin da ya dace a sa baki a hira. Ta biyu ita ce manne wa tsari ɗaya da ƙin sauyi, da ƙwallafa rai a kan abu guda, da jin ƙara ko haske ko wari fiye da yadda sauran mutane ke ji. Ba hauka ba ne, ba aikin iskoki ba ne, ba kuma sakacin uwa ba ne. Gado yana da babban rabo a ciki. Allurar rigakafi kuwa ba ta jawo shi. Rahoton da ya ɗora mata laifi a Ingila a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010.

To, yaya aka yi mutum ya kai shekara talatin ko arba'in ba a gane ba? Dalili shi ne ilimin kansa bai daɗe ba. A 1943 ne wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayanin yara 11 masu wannan yanayi. A 1944 Hans Asperger na birnin Biyana ya rubuta a kan waɗansu yara masu magana da basira amma masu wahalar cuɗanya, sai dai aikinsa bai yaɗu ba sai bayan da likita Lorna Wing ta Ingila ta fito da shi a 1981. A 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka haɗa nau'o'in duka ƙarƙashin suna ɗaya, haka kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a Janairun 2022. An ƙiyasta cewa a 2021 mutum ɗaya cikin kowane 127 a duniya yana da otizim. Saboda haka yaron da ya tashi a Kano ko Katsina ko Suleja shekaru talatin da suka wuce, in dai yana magana yana kuma cin jarrabawa, ba a kai shi wurin kowa. Sai dai a sa masa suna: miskili, ko bahago, ko mai girman kai. Yarinya kuwa ma yabonta za a yi, a ce mai kunya ce.

Waɗansu daga cikin gwaje-gwajen da ke yawo a intanet suna da asali mai kyau. Mafi shahara shi ne wanda ake kira AQ, wanda Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij a Ingila suka fitar a 2001. Tambayoyi 50 ne. A bincikensu na farko, kashi 80 cikin ɗari na manya masu otizim sun sami maki 32 ko fiye, alhali kashi 2 kawai na sauran mutane suka kai haka. A 2012 aka fitar da gajerensa mai tambayoyi 10, wanda a Ingila ake shawartar likitoci su tura duk wanda ya sami 6 ko fiye zuwa cikakken bincike. Akwai kuma RAADS-R mai tambayoyi 80, wanda asalinsa an tsara shi ne a cika shi a gaban likita. Ban da waɗannan akwai tarin waɗansu da ba a san wanda ya rubuta su ba, waɗanda ba su da maraba da wasan yara.

A lura da kyau: ko masu asalin, rariya ce ta tankaɗe, aikinsu su ware wanda ya cancanci a duba shi. Wani bincike da aka buga a 2016 ya bi manya 476 da aka tura wani asibitin ƙwararru a Landan. Kusan biyu cikin uku na waɗanda makinsu bai kai ba, da likitoci suka duba su sai aka tarar suna da otizim. An kuma lura cewa yawan fargaba yakan ɗaga makin wanda ba shi da lalurar. Ke nan gwajin yakan kuskure ta ɓangare biyu. Ciwon damuwa, da tsoron shiga taro, da lalurar rashin tattara hankali, har ma da raunin ji, duk suna iya sa mutum ya amsa tambayoyin kamar mai otizim, kuma kowannensu da irin maganinsa.

Akwai wata matsala da ta fi shafar Bahaushe. Da Turanci aka rubuta tambayoyin, domin mutanen da rayuwarsu ta sha bamban da ta nan. Akwai wadda ke tambaya ko mutum ya fi son zuwa laburare a kan zuwa liyafa, akwai mai tambaya ko ya fi son gidan wasan kwaikwayo a kan gidan tarihi. Mutumin da bai taɓa shiga ko ɗaya ba, sai dai ya cinta. Sa'an nan ga batun haɗa ido, wanda ake dubawa ƙwarai a wannan fanni. A ƙasar Hausa yaron kirki ba ya ƙura wa babba ido, amarya ba ta ɗaga kai gaban surukai, uwa ma takan kauce wa kiran sunan ɗan farinta. Kunya da kawaici tarbiyya ce. Na'ura ba ta bambanta wanda ya sunkuyar da kai don ladabi da wanda haɗa ido ke yi masa nauyi ko da da ƙaninsa ne. Likitan da ya san al'adar wurin shi zai bambanta.

Har ila yau a yi hattara da shafin da ya nemi suna da lambar waya ko kuɗi kafin ya nuna maki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu, amma wuya ne a bi sawun shafin da ke wata ƙasa.

Wanda maki ya tayar masa da hankali, ko wanda makinsa bai kai ba amma ya daɗe yana shan wuya a ofis da gida, hanyarsa ita ce asibiti. A Babban Birnin Tarayya akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Likitan asibitin gwamnati mafi kusa yana iya ba da takardar turawa. A wajen Abuja akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Gaskiya ita ce ƙwararru kaɗan ne, kuma yawancin masu aikin otizim da yara suka fi sabawa, don haka a tambaya tun daga farko ko sashen yana duba manya. Wanda ya zaɓi asibitin kuɗi ya tabbata likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya.

Ba a gane otizim da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Likita zai zauna da mutum ne ya yi masa tambayoyi masu tsawo, ya lura da yadda yake hira, wani lokaci a zama fiye da ɗaya. Abin da zai fi nema shi ne labarin ƙuruciya, domin sharaɗi ne alamun su kasance tun daga nan. A nan ne uwa, ko goggo, ko yayar da ta goya mutum take da daraja fiye da kowace takarda. Ita ta san yaushe ya fara magana, ko yana shiga wasa da yaran unguwa, ko yakan toshe kunne in an buga ganga a gidan biki. Wanda Allah ya bar masa irin wannan dattijuwa kada ya jinkirta tambayarta. In tafiya Abuja za ta yi mata wuya, a rubuta abin da ta faɗa, a haɗa da tsofaffin takardun makaranta in suna nan.

In likita ya tabbatar, babu ƙwaya ko jiƙo da ke raba mutum da otizim, kuma duk mai tallar irin wannan magani kuɗi yake nema. Abin da ake yi wa magani shi ne damuwa ko fargaba ko rashin barci da kan biyo shi. Amfanin tabbatarwa shi ne matar aure ta gane cewa shirun maigidanta ba ƙiyayya ba ce, shugaban ofis kuma ya riƙa ba ma'aikacinsa umurni a rubuce a fili, ya kuma sanar da shi sauyin aiki da wuri. Dokar Hana Wariya Ga Masu Nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna bambanci saboda nakasa, kuma hukumar da ke kula da ita tana nan Abuja. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a farkon 2023 ta tanadi sirrin mai neman magani. Wanda zai nemi haƙƙinsa a ƙarƙashin waɗannan dokoki, rahoton likita mai sa hannu za a tambaye shi, don haka ya roƙi a ba shi kwafinsa kafin ya bar asibiti.