Bagdadiyya, Unguwar Bakin Tabki a Jidda

Alhazan da suka sauka a Jidda kafin shekarar 1981 za su tuna cewa filin jirgin sama yana Kandara ne, ɗan taƙi kaɗan daga kasuwa. A shekarar nan aka buɗe filin Sarki Abdul'aziz, kimanin kilomita 19 arewa da gari. Baƙon da ya nufi Bagdadiyya daga can, sai ya ɗauki tasi ya biyo Hanyar Madina ya yi kudu sak, domin hanyar ce ta ratsa unguwar ta raba ta biyu, ta gabas da ta yamma. Wanda ya taso daga Makka ko Madina kuwa, jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya soma aiki a 2018, zai sauke shi a tashar Sulaimaniyya, daga nan ya nemi mota.

Idan an iso, abin da baƙo zai riƙe don kada ya ɓace shi ne Tabkin Arba'in. Ruwan gishiri ne, wani reshe na Bahar Maliya da ya kutso cikin gari. A bakinsa farin Masallacin Juffali yake. Wanda ya bar tabkin a damansa ya ci gaba kudu, zai kai Dandalin Bai'a, daga nan ya shiga tsohon gari, wato Balad. A da ganuwa ce ta raba shi da Bagdadiyya, har aka rushe ta a 1947. Lungunan Balad sai da ƙafa, kuma bayan la'asar ya fi, saboda zafi. A nan Kasuwar Alawi take, da Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Sai dai akwai gargaɗi ga mai neman dangi. Daga 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama, har da Kandara da Sabil da Karantina, inda Takari da yawa suka daɗe zaune. Kwatancen da wani tsohon alhaji ya bayar yana iya kai mutum fili fetal. Saboda haka ya kamata a nemi sabon adireshi ta waya tun kafin a baro gida. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.