Mai son zuwa arewa a jirgin ƙasa, ga inda dogo ya tsaya

Wani dattijo mai fataucin shanu daga Jugu ya kira mu a wannan mako. Ya ce yana son zuwa Gaya, ya ji ana cewa an shimfiɗa dogo har Nijar, to a ina zai yanki tikiti? Baba, Allah ya ƙara girma, amsarka ba daɗi: babu tikitin da za a yanka.

Layin dogon da ya taso daga Kwatano kilomita 438 ne, ya iso Parakou a 1936, nan kuma ya tsaya har yau. Jugu ba ta taɓa ganinsa ba. Shi ya sa iyayenmu suka saba, kayan Nijar su zo a jirgi, a sauke a tashar Parakou, manyan motoci su kwasa zuwa arewa. Jirgin fasinja kuwa, yau shekaru da dama ke nan bai ɗauki mutum ba. Ni kaina mai wannan magana, a bakin manya nake jin labarinsa.

Abin da Baba ya ji ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Daga 2014 kamfanin Bolloré ya shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. Sai rigimar kwangila ta shiga kotu, aiki ya tsaya. Tsakanin Doso da Parakou babu ko taku ɗaya na dogo.

To, sai hanyar mota. Daga Jugu ka sauko Parakou, ko ka yanke ta N'Dali, ka bi Bembereke, ka wuce Kandi, ka sauka Malanbil a bakin kogin Kwara. Daga Parakou ya haura kilomita 300. Ka yi sammako, Baba, don Allah. Arewacin Kandi, kusa da dajin W, akwai matsalar tsaro, ba wurin tafiyar dare ba ne. In la'asar ta same ka a Kandi, kwana nan.

Sai maganar gada. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, mutane suka koma ƙetarewa a kwalekwale. Kada ka dogara da labarin makon jiya. Kira mai masaukinka a Malanbil ran da za ka tashi, ka tambaye shi halin da ake ciki, da nawa ake biyan fito.

Katin shaidarka ya zauna a aljihun gaba. Kuɗin shanu kuma kada ka tara su wuri guda. Wanda duk ya tare ka a tasha ya ce zai samo maka tikitin jirgi zuwa Nijar, riƙe jakarka da kyau ka wuce.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba farashin dabbobi a kasuwannin Borgu.