Jawabi Kan Ciwon Bugun Zuciya Na Yara Da Kulawa Bayan An Yi Aiki

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu, da sauran 'yan'uwa mazauna Kachia.

Sana'ata saye da sayar da citta, amma an nemi in yi magana kan wani ciwo da yake kama yara, wanda mu kan ɗauka tsoro ne ko iskoki. Yaro yana zaune lafiya ƙalau, sai zuciyarsa ta ɗauki gudu, ya dafe ƙirji, jiri ya ɗebe shi, wani har ya suma. Can kuma sai abin ya wuce kamar an ɗauke ruwa. A jinjiri bugun kan haura 220 a minti guda, kuma shi ba bakin faɗa, sai dai uwa ta ga ya ƙi nono yana numfashi sama-sama.

Dalilinsa shi ne, ita zuciya akwai wani lantarki da Allah Ya halitta a cikinta, mai bin hanya guda. Wani yaron ana haihuwarsa da ƙarin hanya, sai lantarkin ya riƙa zagaye babu tsayawa. Tun 1930 likitoci uku, Wolff da Parkinson da White, suka bayyana irin wannan. Gwajin da ake kira ECG shi ne kan nuna shi, kuma ana yinsa a Shika, da Barau Dikko a Kaduna, da asibitin Malam Aminu Kano. Wasu yaran magani kaɗai ya ishe su, jarirai da yawa ma kan rabu da abin kafin su shekara.

Idan ya ƙi, akwai aikin da ake yi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ana zura siririyar waya ta jijiyar jini a matsematsi har ta kai zuciya, a gano hanyar nan, a ƙona ta da zafi ko a daskarar da ita da sanyi. A mafi yawan yara, fiye da 9 cikin 10, ana dacewa. Sai dai wuraren yinsa kaɗan ne, shi ya sa wasu kan kai har Indiya ko Masar.

To jama'a, ga inda nake so mu tsaya. Mutum ya sayar da gona, ya ci bashi, an yi aiki, yaro ya dawo yana ƙwallo, shi ke nan sai a jefa takardun asibiti cikin akwati. Wannan ganganci ne. Waya ta shiga zuciya fa! Tana iya taɓa bangon zuciyar har jini ya taru a jakar da ke kewaye da ita, ko ta taɓa ƙyauren da ke tsare jini, ko ta lalata hanyar lantarki ta ainihi har sai an sa wa yaro na'urar daidaita bugu. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma don shi ake ɗaukar hoton zuciya da ake kira eko. Irin hoton nan ne da ake yi wa masu ciki, ba allura, ba zafi, ana ganin zuciyar tana motsi. Kuma hanyar da aka ƙona kan iya dawowa bayan watanni, don haka ranar da likita ya rubuta, a koma.

A makon farko kada yaro ya ɗauki jarkar ruwa ko buhu, a kuma duba wurin da aka huda. In ya kumbura, ko jini na fita, ko ƙafar ta yi sanyi, ko yaron na ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko ya suma, a nemi mota nan take, kada a ce sai ranar kasuwa.

Na san tun da cuta ta cinye citta a 2023 aljihun da yawa daga cikinmu bai murmure ba. Saboda haka nake roƙon shugabanni a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da na hoto zuwa Kaduna ko Zariya, ma'aji ya kawo mana lissafinsa a zama mai zuwa.