Ƙanen da ya ba da ƙoda

A Saudiyya da Ingila, idan mutum ya cika a asibiti, likita kan zauna da iyalinsa ya nemi izinin cire ƙoda ko hanta don ceto wani majinyaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta haka a Jidda a 1988, muddin mamacin ko magadansa sun yarda. To a Gwarzo da Kabo, wa zai tunkari uwa da wannan magana? Wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa.

Shi ya sa namu masu bayarwar rayayyu ne. Tun 2002 Asibitin Malam Aminu Kano ke dashen ƙoda, kuma galibi daga jikin ɗan uwa ake cirowa. Amma wani lokaci jiki kan ƙi baƙuwar ƙodar, ko kuɗin maganin kullum ya gagara bayan an sayar da gona da shanun huɗa. In majinyacin ya rasu, sai ka tarar da ƙanen da ya ba shi ƙodar a tabarmar makoki, tabon aiki a kwiɓinsa, yana amsa "ya haƙuri". An yi sadakar uku kowa ya watse, matarsa ce kaɗai ke kwana da fargabar ƙoda ɗaya da ta rage wa maigida.

Limamai da masu unguwanni, in kun je gaisuwa irin wannan gida, ku sa a kai wanda ya ba da ƙodar Babban Asibitin Gwarzo a auna masa hawan jini, a gwada fitsarinsa, kuma a riƙa maimaitawa duk shekara.