Tsibirin Lete da Darajar Takarda



Maganata a yau a kan tsibirin Lete ce, wanda ke tsakiyar kogin Kwara kusa da Gaya. Fulani makiyaya daga Nijar da manoma daga Dahomey, wato Benin ta yanzu, sun daɗe suna cin moriyarsa. A 1960 aka zubar da jini a kansa. Zuwa ƙarshen 1963 rikici ya yi ƙamari, har Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, ita kuwa Dahomey ta rufe iyaka, alhali ta tashar Kwatano kayan Nijar ke shigowa.

Daga bisani ƙasashen biyu suka kai maganar Kotun Duniya. Ranar 12 ga Yuli, 2005 kotun ta yanke cewa iyaka ita ce hanyar da jiragen ruwa suka fi bi a cikin kogin. Nijar ta sami tsibirai 16, ciki har da Lete, Benin ta sami 9.

Cikin hujjojin da kotun ta dogara da su akwai wasiƙar da jami'in Faransa mai kula da Gaya ya rubuta a 1914. An adana ta, ta yi aiki bayan shekara 91.

Saboda haka, mu ma'aikatan gwamnati, da ƙannenmu masu tasowa, kada mu raina fayil. Gobe wata ƙasa na iya dogara da shi.