Jawabi A Kan Maganar Rediyo Tsakanin Matuƙan Jiragen Sama Da Masu Yi Musu Jagora

Manomin da ke huɗa a Fadan Kaje ko Zonkwa yakan ɗaga kai ya hangi jirgin sama ya ja farin layi, ya taso daga Abuja ya nufi Jos ko Maiduguri. Abin da ba ya gani shi ne, jirgin nan bisa magana yake tafiya. Akwai ma'aikaci zaune a ƙasa wanda ke faɗa wa matuƙi tsayin da zai riƙe da hanyar da zai bi, don kada ya yi karo da wani. A arewacin ƙasar nan, babbar cibiyar wannan aiki tana Kano, ƙarƙashin hukumar NAMA da aka kafa da dokar 1999.

To, rediyon da suke amfani da shi, watau VHF, yana da wani hali: muryarsa miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ba ta lanƙwasawa. Jirgin da ke ƙafa 30,000 sama yakan ji tasha daga nisan mil 200 ko fiye, amma wanda ya yi ƙasa-ƙasa, dutse irin na Kagoro ya isa ya shiga tsakaninsa da ita. Saboda haka ne ake dasa ƙananan tashoshi a wurare dabam-dabam su riƙa miƙa murya. In wuta ta ɗauke a ɗaya, ko ɓarayi suka kwashe waya da batir, sai a sami sarari inda matuƙi zai yi ta kira shiru. An yi shekaru matuƙa na ketare sassan Afirka suna shelanta wa juna inda suke a kan mita 126.9, don ba su da tabbacin ana jin su daga ƙasa.

Ko da murya ta kai, akwai sauran aiki, domin mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Ran 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, cikin hazo mai kauri, matuƙin jirgin KLM ya ɗauka an ba shi iznin tashi. Mai hasumiya ya ce ya dakata, a daidai lokacin kuwa matuƙin Pan Am yana faɗin har yanzu suna kan titin. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara. Mutum 583 suka halaka, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi muni ba.

Tun daga nan aka ƙara tsaurara ƙa'ida. Kalmar tashi ba a furta ta sai a ainihin ba da izni ko soke shi, kuma wajibi ne matuƙi ya maimaita muhimmin umurnin da aka ba shi, a ji ko ya ji daidai. Daga 2008 aka shar'anta wa masu aikin ƙasa da ƙasa su ci jarrabawar Turanci. Irin wannan horo ake bayarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Talaka ma yana da nasa rabo, ba kaɗan ba. Mitocin gidajen rediyon FM suna ƙarewa a 108, daga nan kuwa na jiragen sama suka fara, don haka na'urar watsa murya marar lasin tana iya kutsawa cikin kunnen matuƙi. Wanda ya san inda ake irin wannan, ko ya ga ana taɓa kayan tashar jirage, sai ya gaggauta sanar da dagaci ko 'yan sanda.