Wa Ake Kira Manomi?

Yau za mu ɗan yi magana a kan kalmar da kowa ya tashi da ita a baki, wato noma.

Kalmar tamu ce, ba aro ba. Alkama da albasa daga Larabci muka samo sunayensu, amma noma, kamar gero da dawa, tun kaka da kakanni muke da ita. A bakin dattawan ƙauye kuwa ma'anarta ba ta da faɗi kamar yadda rediyo ya maishe ta. Idan dattijo ya ce ya nome gonarsa, ba ya nufin sassabe ko shuka ko girbi. Yana nufin ya duƙa da fartanya ya kashe ciyawa bayan shuka ta tsiro. Shi ya sa muke da noman firi, sa'an nan maimai, shi ya sa kuma ake yi masa kirari da "na duƙe, tsohon ciniki". Daga baya sunan ya rufe sana'ar duka, har muka sami noman rani, da manomi, da Sarkin Noma, wanda a da sai ya tara dami dubu kafin a naɗa shi.

To, ina ruwanmu da wannan? Ga inda ya shafe mu. Idan muka shiga gida da takarda muka ce, "Wa yake noma a gidan nan?" amsa ɗaya ce: maigida da samarinsa. Sai mu rubuta sunansa mu wuce. Alhali uwargida ce ta bi shi tana zuba iri a rami, ita ta tsinke gyaɗa, ta roro wake, ta yi sussuka da shiƙa. Wata ma tana da gayaunarta ban da gandu. Gwauruwa da take biyan 'yan ƙodago su nome mata za ta ce ita ba ta noma, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ranar rabon iri da taki kuwa babu sunanta.

Saboda haka muna roƙon masu ɗaukar sunaye a wannan damina, ku tambaya haka: "Wa yake aikin gona, kuma wace gona ce ta wa?" Ku tambayi matan da kansu, kada ku tsaya a zaure.